Nalado a Ƙofar Birnin Shiru

A gefen fadamar Kwarin Dinya, inda ruwan kogi yake bazuwa ya kwanta bayan damina, an yi wani mutum ana ce masa Nalado. Shekara ashirin ya yi yana ɗana wa tsuntsayen ruwa raga, yana kai su kasuwa a kwando. Daga baya wasu mutane suka zo daga wata ƙungiya ta ƙasashen duniya, masu neman kare tsuntsayen da ke ƙaura tsakanin ƙasashen ƙanƙara da namu. Shugabarsu a yankin, Dakta Hajjo, ta zauna da shi a kan tabarma, ta nuna masa zoben ƙarfe a ƙafar wata agwagwa da ya kama. Ta ce wata tsohuwa ce ta sa shi, a ƙasar da sai an haye hamada da teku kafin a kai. Nalado ya daɗe yana juya ƙafar nan a tafin hannunsa. Kashegari ya ƙone ragarsa, ya karɓi hular ƙungiya da madubin hangen nesa, ya zama mai gadin fadama.

Shekara tara yana wannan aiki, fadama tana raguwa a gaban idonsa. An datse kogi daga sama, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. A shekara ta goma sanyi ya shigo, ya yi mako bakwai, ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba.

Ran nan da hantsi matarsa Tabawa ta ce, "Malam, ka ci abinci kafin ka fita. Sararin nan ba zai ba ka komai ba."

Bai ci ba. Ya tura kwalekwalensa cikin kachala har inda ɗan ruwa ya rage. Can ya tarar da wata ƙaramar agwagwa mai farin zane a gira, ita kaɗai, ta rame kamar tsinke. Ya miƙa hannu zai ɗauke ta, sai ta buɗe baki ta yi magana.

"Ya kai ɗan Adam, sunana Farar Gira. Uwar Fadama tana kiranka. Riƙe jirginka da kyau."

Kafin ya yi salati ruwa ya dare gida biyu, kwalekwale ya sulale ƙasa. Ya tsinci kansa a wani babban zaure na laka, ginshiƙansa saiwoyin bado ne da suka bushe. A tsakiya wata tsohuwa tana kwance, fatarta ta tsattsage kamar ƙasan tafki a bazara.

Nalado ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, ga ni."

Tsohuwa ta ce, "Raina ba zai daɗe ba, mai gadi. Saurara. Baƙina ba za su zo ba. Iri arba'in na tsuntsayen ruwa sun gaji da neman wurin sauka, sun nufi Birnin Shiru, can bayan ƙanƙarar ƙarshen duniya. Wanda ya shiga ƙofar birnin nan, irinsa ya ƙare a bayan ƙasa har abada. Ga gora. Ka bi hanyarsu, ka ɗebo ruwa a zango uku da suke hutawa. In ka kai wa Sarkin Ƙofa shi cike, zai mai da su. Amma ka sani, goran nan ba ya karɓar ƙarya. Kowane zango, gwargwadon ruwan rai da ya rage masa yake karɓa, sauran ya amayar."

Ta kama bakin zanenta ta matse a cikin goran. Abin da ya ɗiga bai fi cokali uku ba.

"Nawa ke nan," in ji ta. "Da can da tulu ake ɗiba."

Ta jefa masa wata riga ta gashin tsuntsu. Yana zura ta ya ji ƙasusuwansa sun yi sakayau, hannuwansa suka zama fukafukai. Ya rataya gora a wuya, ya bi Farar Gira suka tashi sama. Ya hango Tabawa tana shanya a tsakar gida, ya kira ta, amma kukan agwagwa kawai ya fito.

Kwana goma sha ɗaya suna tafiya arewa suka isa zango na farko. Da can tafki ne da ba a hango gaɓarsa. Yanzu jiragen masunta ne a kife a kan yashi, awaki na kwance a inuwarsu. A tsakiya wani ƙaton aljani yana zaune, cikinsa kamar rumbu, bututu dubu sun huda jikinsa sun miƙe ta kowace kusurwa.

Ya daka tsawa. "Wane ne mai warin hayaƙin murhu a cikin rigar tsuntsu?"

"Nalado ne, mai gadin Kwarin Dinya. Ruwa na zo roƙo, ya shugaban wannan tafki."

Aljani ya yi dariya har yashi ya tashi. "Ruwa? Dubi bututun nan. Na 'yan'uwanka ne, dare da rana suna tsotsata. Abin da ya rage yana ƙarƙashin harshena. Tsaya a kan yashin can. Ka kira mini sunan kowane tsuntsu da ya taɓa sauka a nan. Kowane suna, ɗigo ɗaya. In ka yi kuskure ko ka maimaita, yashi zai haɗiye taki ɗaya na jikinka."

Nalado ya tsaya ya fara. Ya kira dinya, ya kira kirinjijiya, da zalɓe, da jinjimi, da kwasakwasa, da gauraka. Waɗanda ba su da suna a bakin mutanensa ya siffanta su da launi da kuka, aljani yana gyaɗa kai yana ɗiga ruwa. Rana ta take. Harshensa ya kumbura, ya fara rikicewa. Ya maimaita zalɓe, yashi ya kama shi zuwa gwiwa. Ya kira balbela sau biyu, ya nutse zuwa ƙugu. Da ya kai suna na sittin yashi yana ƙirjinsa, numfashi yana yi masa wuya.

Farar Gira ta yi kuka. "Ya isa! Goran ya fara amayarwa."

Aljani ya cafko shi da yatsu biyu ya tsame shi. Da ya ajiye shi sai muryarsa ta yi sanyi. Ya ce, "Shekaru ke nan ban ji an kira sunayen nan ba. Tafi, ɗan Adam. In ka dawo ta nan ba lalle ka same ni ba."

Nalado ya girgiza goran. Ruwan bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Suka shiga hamada. Kwana ashirin babu inuwa, babu ɗigon ruwa, ga gora a wuyansa yana ƙara, ga ƙishirwa tana yanka masa maƙogwaro. Sau biyu ya kai baki ga marfin, sau biyu ya janye. A ƙarƙashinsu ya ga wani farin layi ya miƙe har iyakar gani, ya tambaya ko hanyar fatake ce.

Farar Gira ta ce, "Ƙasusuwanmu ne. Da su muke gane hanya."

Da suka hango teku Nalado ya yi murna, ya saki jiki ya yi ƙasa. Farar Gira ta yi masa ihu, amma ina, ya riga ya faɗa. Raga ce siririya, an kafa ta a bakin teku tsawon tafiyar kwana uku, ido ba ya ganinta. Dama da hagu tsuntsaye ne a rataye, wasu sun mutu, wasu suna shure-shure. Ya dubi ƙullin da ya shaƙe masa fiffike. Irin ƙullin da yake yi ne da hannunsa.

Wata aljana mai hannu takwas ta gangaro ta kan igiya, tana saƙa da hannu shida tana tafe.

Ta ce, "Maraba da tsohon barana. Ka manta ni? Ni na riƙe yatsunka ranar da ka yi ƙullin farko. Tsuntsu dubu goma sha huɗu ka ba ni, ban manta ko ɗaya ba."

Nalado ya ce, "Na tuba da wannan aiki, ya ke uwar raga. Na ƙone tawa."

"Ka ƙone ɗaya, an saƙa dubu. Masu kafa ta nan yunwa ce ta kawo su, kamar yadda ta kawo ka. Zubar da goran nan ka dawo gare ni, in sake ka lafiya. In ka ƙi, ka bar mini hannun da ya yi mini bauta."

"Ba zan zubar ba."

Ta kama fiffikensa na dama ta murɗe. Ya ji ƙashi ya karye wuri uku, ya suma.

Da ya farfaɗo gari ya waye, aljana ta tafi. Wani mutum mai furfura yana bin ragar da almakashi, yana yanka yana sakin masu sauran rai. A kansa akwai hula irin ta Nalado sak. Da ya zo kansa ya ga gora a wuyan agwagwa, ya tsaya. Nalado ya yi ƙoƙari ya zame wuyan rigar, fuskarsa ta mutum ta bayyana. Mutumin ya ja da baya yana ambaton Allah, sannan ya matso. Albarkacin rigar, kowa ya ji harshen ɗan'uwansa.

Ya ce, "Sunana Ramzi, ɗan'uwa. Mu huɗu ne a wannan gaɓa. Kullum da safe muna yanka, kullum da yamma a sake kafawa. An sa hannu a takardar yarjejeniyar kare tsuntsaye, ƙasashe da yawa, na ga hotonsu. Amma almakashi huɗu ne."

Ya ɗaure masa fiffiken da tsinken dabino. Ya kai shi zango na biyu, wani ɗan kududdufi da suka kewaye da waya a bayan masana'antu, ya yaye baƙin mai da ke sama da gefen hannu, ya ɗebo na ƙasa. Goran ya karɓi tafi biyu, ya amayar da na uku. Ramzi ya juya baya don kada a ga fuskarsa.

Nalado ba ya iya tashi. Farar Gira ta je ta roƙi wani tsohon kwasakwasa da Ramzi ya saki, ya buɗe jakar bakinsa, Nalado ya shiga ya duƙunƙune. Haka suka haye teku, guguwa tana jifa da su, suka haye duwatsu masu farin kai. A kan wasu ƙasashe aka yi ta harbinsu, harsashi ya huda jakar ya wuce ta gefen kunnensa. Wata biyu suna wannan hali.

Zango na uku ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ƙanƙara ta fara narkewa. Farar Gira ta ce a nan aka ƙyanƙyashe ta, lokacin duk wurin fadama ne. Yanzu gonaki ne a jere kamar an ja da igiya, an yi magudanai an zuƙe ruwan. A wani lungu suka ga mutane kamar ashirin da shebur suna fasa wata ganuwar ƙasa, ruwa yana malala cikin wani fili. Wata tsohuwa mai farin gashi da dogayen takalman roba tana ba su umarni. Farar Gira ta sauka a gabanta ta miƙa ƙafarta mai zoben ƙarfe. Tsohuwa ta duƙa ta karanta zoben, ta dafe ƙirji.

Da Nalado ya fito daga bakin kwasakwasa ya bayyana fuskarsa, ba ta gudu ba. Ta ce sunanta Ilza. Ya ba ta labari tun daga farko.

Ta ce, "Ɗana, shekara arba'in da ɗaya ina sa zobe ina sakinsu, ban san hannun wa suke faɗawa a can ba. Ashe kai ne." Ta kama hannunsa na hagu ta riƙe. "Wannan fili shekara goma sha biyu muka yi muna roƙo kafin a bar mana shi. Ɗebi duk abin da kake so."

Ya nutsa goran. Ruwa garau, mai sanyi, ya yi ta shiga. Ya hau, ya hau, ya kai rabi daidai. Sai goran ya fara amayarwa. Nalado ya sake nutsawa, ya danna da ƙirjinsa, ya roƙe shi kamar mai roƙon mutum. Ilza ta karɓa ta gwada da kanta. Ko ɗigo bai ƙaru ba.

Ta zauna a kan laka, ta ce, "Da ka zo lokacin da nake yarinya."

Daga nan suka miƙe arewa, inda rana ba ta faɗuwa. Suka tarar da wani bango na ƙanƙara wanda ba a ganin samansa, da ƙofa ɗaya buɗe. A gabanta tsuntsaye ne sahu-sahu, iri arba'in, kowane iri da jagoransa a gaba. Nalado ya leƙa ciki. Ya ga tafkuna masu sheƙi, da tsuntsayen da bai taɓa gani ba suna shawagi, suna buɗe baki, amma ko motsin fiffike ba a ji. Tsoro ya kama shi fiye da na yashi da na raga.

Sarkin Ƙofa yana tsaye, dogo kamar giginya, fuskarsa a rufe da farin mayafi. Nalado ya tuɓe rigar, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya miƙa goran da hannu ɗaya.

Sarkin Ƙofa ya auna shi a tafinsa. "Rabi ne."

"Ranka ya daɗe, iyakar abin da duniya ta ba ni ke nan. Akwai masu ƙoƙari. Na gan su da idona, wani da almakashi, wata da shebur. Ka yi mana jinƙai, ka ba su lokaci."

"Ya kai ɗan Adam, ba ni nake kiran waɗannan ba. Ku kuke turo su, ni buɗe ƙofa kawai nake yi. Ƙoƙarin da ka gani shi ne wannan rabin, ba don shi ba da gora fanko ka kawo. Rabin ruwa, rabin tsuntsaye. Iri ashirin za su koma. Kai za ka zaɓa. Ka zuba wa jagoran kowane iri da kake so a ka."

Nalado ya ce, "Ka ɗauki raina a madadin sauran."

"Ranka ba ya shayar da kowa. Zaɓi, ko in shigar da su duka."

Ya tashi. Ya bi sahu yana dubawa, idanu dubu-dubu suna kallonsa, babu wanda ya yi kuka. Duk ya san su. Ya san mai sauka farko, ya san mai tsoron kwalekwale, ya san mai kwana da ƙafa ɗaya. Ya tilasta wa kansa tunani irin na mai gadi: wanne ne zai iya rayuwa da ɗan ruwan da ya rage? Ya zuba wa masu jure ƙishirwa. Ya zuba wa masu yawa. Ya zuba wa tsohon kwasakwasa. Duk wanda ya wuce bai zuba masa ba, sai ya sunkuyar da kai ya juya ya fuskanci ƙofa.

Aka yi goma sha tara. Saura tafi ɗaya a goran, saura iri biyu a gabansa. Ɗaya wasu masu dogayen ƙafafu ne, sun fi dubu uku. Ɗayan dangin Farar Gira ne. Ta riga ta je ta tsaya a gabansu, don ba su da wani jagora.

Ta ce, "Mai gadi, ƙirga mu."

Ya ƙirga. Ya sake ƙirgawa. "Goma sha ɗaya."

"Mata nawa?"

"Ke kaɗai."

Nalado ya tsaya har hannunsa ya sandare da sanyi. Ya tuna hamada, ya tuna ragar bakin teku, ya san goma sha ɗaya ba za su haye su ba. Ya juya ya zuba wa masu dogayen ƙafafu.

Farar Gira ta ce, "Ka yi daidai. In ka koma, ka gaya wa Uwar Fadama cewa ni..."

Ƙafarta ta taka bakin ƙofa. Bakinta ya ci gaba da motsi, amma bai ji sauran ba. Iri ashirin suka bi bayanta sahu-sahu, aka ɗauki yini guda suna shiga.

Sarkin Ƙofa ya ce, "Waɗanda ka mai da, aro ne. Baɗi za a sake aunawa."

Kwasakwasa ya ɗauko shi suka juyo tare da garken. Hanya ta ci kashi ɗaya cikin uku nasu. Ranar da sanyi ya shigo aka sauke shi a bakin Kwarin Dinya, kusan shekara guda da tafiyarsa. Ya kira Uwar Fadama har muryarsa ta dushe, ruwa bai dare ba. Ya shiga gida da shanyayyen hannu. Tabawa, wadda ta daɗe da gama takaba, ta saki ƙwarya ta ƙwala ihu, maƙwabta suka cika gidan. Ya ba da labarinsa, wasu suka ce taɓin hankali ne ya same shi a daji.

Bayan kwana huɗu Dakta Hajjo ta iso da mota, fuskarta cike da fara'a. Ta same shi zaune a bakin ruwa.

Ta ce, "Baba Nalado, Allah mun gode da ka dawo! Ga tsuntsaye ma sun dawo. Abokan aikinmu na ƙasashe bakwai sun bugo waya, kowa murna yake yi. Bari mu cike takarda."

Ta zauna ta fara kiran sunaye. In ta kira wani ya ce, "Akwai." In ta kira wani ya ce, "Babu." Ko madubi bai ɗaga ba. Da "babu" ta yi yawa sai fara'arta ta ragu. Ta kai ga ƙaramar agwagwa mai farin zane a gira, ya ce, "Babu."

Ta ce, "Wataƙila sun makara ne, Baba. Bari in bar musu gurbi, ko zuwa baɗi."

Nalado ya dube ta, idanunsa a bushe.

"Kada ki bar gurbi, 'yata. Ja layi a kansu. Ni na tsaya a ƙofa suka shiga."

Dakta Hajjo ta riƙe alƙalami a sama, ta dubi Tabawa da ke tsaye a bayansa. Tabawa ta kau da kai. Nalado ya miƙa hannunsa mai lafiya ya karɓi alƙalamin, ya ɗora takardar a gwiwa, ya fara jan layin da kansa, ɗaya bayan ɗaya, har ashirin.